Leda da Toroson Giwa

Biran sansanin Wikki da ke gandun dajin Yankari sun san leda. Sun san baƙa wadda ake ƙulla ƙosai da tsire a cikinta, sun san fara ta burodi, sun kuma iya bambance mai nauyi da wadda iska ce kawai ta kumbura ta. Mutum zai sauko daga mota riƙe da akwati ko makullai, gwaggon biri na zaune a kan dakali, ko kallo bai ishe shi ba. Amma da zarar leda ta yi ƙara sai ka ga kunne ya motsa, an miƙe, an taho a hankali kamar mai karɓar haraji a bakin kasuwa ya hango buhu. Sun kuma san wanda za su tare. Ƙato mai sanda akan ba shi hanya ya wuce, mace da yaro su ne abin nema. Wanda duk ya bar ƙofar ɗaki ko gilashin mota a buɗe ya riga ya yi sadaka, ko da niyya ko babu.

Baƙi kan yi ta dariya suna ɗaukar hoto. Ni dai abin da nake gani shi ne, duk faɗin Yankari babu darasin da aka koyar aka kuma haddace irin wannan, kuma mu ne malaman. Ba a haifi biri da sanin leda ba. Abincinsa 'ya'yan itace ne da saiwa da ƙwari, sai ƙwan tsuntsu in ya dace. Wani ne ya fara jefa masa guntun burodi don ya matso a yi hoto, wani ya bar ragowar shinkafa a kan tebur, wani ya zubar da shara inda ya ga dama, har abin ya zama gado, uwa tana yi ɗa na kallo daga bayanta. Tun 1962 da aka buɗe gandun ga masu ziyara ajin nan ke ci, kuma ɗaliban ba su taɓa fashi ba.

Ƙarshen irin wannan sabo ba ya kyau, kuma dabbar ce kan biya. Birin da ya daina tsoron mutum yakan fara ƙwace, daga ƙwace sai yaguni, wataran cizo. Wanda ya taɓa ganin gwaggon biri ya yi hamma ya ga fiƙoƙinsa ya san ba abin wasa ba ne. Ranar da ya ji wa yaro ciwo babu mai tuna wanda ya fara miƙa masa burodi, sai a ce biri ya lalace. Shi kuwa mugun dawa, wanda ke yawo tsakanin ɗakunan baƙi yana durƙusawa a kan gwiwoyin gaba yana kiwo, ba ya ƙwace, amma hancinsa na kai shi bola. Abin da leda ke yi a cikin dabba kuma ba sai an kira masani ba, a tambayi kowane mahauci. Ya sha farke tumbin akuya ko na saniya ya zaro dunƙulen leda a murɗe, dabbar ta rame alhali cikinta a cike. Tumbin gwambaza da na mazo ba su fi na akuya ƙarfi ba.

Daga ƙofar shiga ta Mainamaji zuwa Wikki tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai ce cikin daji, kuma a wannan hanyar ake gane irin tarbiyyar da motar makaranta ta ɗauko. Yara sun taso tun asuba daga Bauchi ko Gombe ko Jos, rana ta fara zafi, an raba ruwan leda. Sai ka ga hannu ya leƙo ta taga, leda ta bi iska, wani hannun ya biyo baya. Ba na ganin laifin yaran sosai, don sau da yawa hannun farko na babba ne. An ɗebo su ne musamman a nuna musu yadda ake kula da daji, ga shi tun ba a isa ba an riga an yi darasin farko. Buhu ɗaya da za a rataya a bayan kujerar direba ya isa ya kashe wannan magana, kuma malamin da ya sa buhun ya fi wanda ya yi dogon jawabi a ƙarƙashin bishiya aiki.

In aka hau motar kewaya daji, da sassafe ko da la'asar, tambaya ɗaya ce a bakin kowa.

"Malam, ina zakin?"

Akwai zaki a Yankari, amma kaɗan ne ƙwarai, kuma dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244. Zakin Afirka ta Yamma yana cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa, a Nijeriya ma nan da gandun Kainji ne kawai ake ambata. Mutum zai iya zuwa ya koma, ya sake zuwa ya koma, bai ko ji gurnaninsa ba. Hatta giwa, wadda ita ce tambarin wurin, ba kullum ake dacewa da ita ba, domin garken da ya rage ana ƙiyasta shi tsakanin 100 da 150 ne, duk da haka yana cikin mafi girma da ƙasar nan ta mallaka. Saboda haka jagoran da aka damƙa wa yara talatin masu jiran zaki yana cikin tsaka mai wuya. Ragon jagora sai ya yi ta ba da haƙuri. Gwani kuwa sai ya buga jikin mota a tsaya a tsakiyar hanya, ya nuna ƙasa.

Toroson giwa ne, curi-curi, an zubar an wuce. Yara za su toshe hanci, 'yan mata su ja gyale, alhali ba wani wari gare shi ba, ƙamshin ciyawar da ta jiƙa yake yi. Jagora ya sa tsinke ya farka ɗaya. Ciki duk zare ne na ciyawa da ɓawon itace da ganye, wasu ma ana iya gane na wace bishiya ne, don giwa kan ci abin da ya kai kilo 150 a yini, kuma kusan rabinsa fita yake bai narke ba. In cikin curin da ɗumi da laima, garken bai yi nisa ba, sai a rage murya. In ya bushe ya yi fari, an kwana biyu. Girman curin yana faɗar girman mai shi, in kuma aka ga ƙanana kusa da manya to akwai 'ya'ya a garken, wanda shi ne labarin da mai gadin daji ya fi son ji. Kusa da wurin akwai sawu. A zagaya sawun ƙafar gaba da igiya, a ninka tsawon biyu, an sami kimanin tsayin giwar daga ƙasa zuwa kafaɗa. Yaron da lissafi ke ba wa wahala a aji, a nan shi ke fara karɓar igiyar.

Sai kuma abin da ke cikin curin da kansa. Ga ƙwallon aduwa, wani lokaci ga ƙodagon giginya, sun ratsa cikin giwa lafiya lau, an kai su nesa da gindin uwarsu an ajiye a cikin taki. Da damina za a ga tsiro ya ɓullo daga tsakiyar tsohon toroso. Kafin nan buzuzu ya zo ya yanki rabonsa, ya mulmula, ya juya baya yana turawa da ƙafafun baya har inda zai binne ya yi ƙwai a ciki. Zabin daji sun tona sun tsince tsaba da tsutsa. Birai ma, waɗanda ba su koyi leda ba, suna bi suna tsintar 'ya'yan itacen da suka fito. Abin da ya saura gara ta lulluɓe shi da ƙasa ta cinye daga ƙasa. Bayan 'yan makonni sai tabo kawai a kan hanya. Ita kuwa ledar da aka jefo da safe, in babu wanda ya sunkuya ya ɗauka, yaran za su gama sakandare tana nan a maƙale a jikin ƙaya.

Ina ganin minti goman nan da ake yi a kan kashin giwa sun fi ganin giwar kanta amfani ga yaro. Ganin giwa kallo ne, a yi ihu a ɗaga waya, ta kaɗa kunne ta shige kurmi. A nan kuwa yaro ya taɓa, ya auna, ya ga da idonsa cewa aduwar da yake tsotsa a bakin makaranta akwai mai shuka ta a daji wanda ba ya riƙe da fartanya.

Ruwan Wikki maganarsa gajera ce. Yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, garau har ana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, dare da rana. Daga nan ya gangara ya faɗa kogin Gaji, kuma in rani ya tsananta, daga Fabrairu zuwa Afrilu, Gaji ne ke riƙe da dabbobin dajin, shi ya sa ma a lokacin aka fi ganinsu. Duk wanda ya shiga wanka da sabulu, ko ya wanke riga da omo a gefe, ya sani ɓauna da kanki za su sha a ƙasa. Ba ya bukatar allo mai dogon rubutu, a nuna wa yaro inda ruwan ya nufa ya isa.

Toka ta fi wuyar bayani. Wanda ya shiga gandun daji irin wannan a farkon rani zai ga wurare baƙi ƙirin, wuta ta ci, kututture na hayaƙi. Yaron da aka koya masa a aji cewa ƙona daji laifi ne dole ya rikice, in mai baki ne ya tambaya. Amsar tana cikin lokaci. Gamba da sauran dogayen ciyayi sukan fi mutum tsawo bayan damina. In aka sa musu wuta da wuri, suna da sauran ɗanye, wutar kan bi a sanyaye, ta ci nan ta tsallake can, ta mutu da kanta in raɓa ta sauka, manyan itatuwa ba su ji komai ba. Bayan 'yan kwanaki sabon toho ya fito kore shar a cikin toka, gwanki da kanki su taru a kai. In kuwa aka bar ciyawar ta bushe ƙamas har watan Maris, ranar da wani mai neman gafiya ko mai ɗibar zuma ya yar da ashana, wutar da za ta tashi da iska a bayanta har kan itatuwa za ta hau, ta kashe 'ya'yan itacen da giwa ta shuka, ta cinye ƙwan da ke ƙasa. Ashana ɗaya ce, wata uku ne kawai a tsakani. Abin da ke burge ni shi ne, tsofaffin makiyaya da manoma sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi, sai dai ba kasafai ake kiransu su yi wa yara bayani ba.

A sansanin akwai ɗan gidan tarihi, inda aka ajiye fatu da ƙasusuwa da haure, da kayan da aka ƙwace daga hannun mafarauta. Yara sun fi tsayawa a wajen bindigogi, ni kuwa tarko ne ke tsayar da ni. Bindiga tana da mai ita a bayanta, shi ke zaɓar abin da zai harba. Tarkon waya, wanda galibi da wayar birkin babur ko ta keke ake yin sa, a ɗana shi a kan turbar dabbobi a tafi gida a yi barci. An ɗana don gada, amma in ƙafar zaki ce ta faɗa ko hancin ɗan giwa, duk ɗaya ne a wurinsa. Mai shi wataƙila ma ya manta inda ya sa, shi tarkon yana nan yana aiki. Yawancin aikin masu gadin daji ke nan, tafiyar ƙasa ta kwanaki da kaya a baya, ƙudan tsando na cizo, ana kwance waya ɗaya bayan ɗaya, ana kora shanun da aka shigo da su kiwo. Wasunsu sun rasa rayukansu a wannan aiki. Gandun ya sha sauya hannu: a 1956 aka keɓe shi zamanin gwamnatin Jihar Arewa, a 1991 ya koma na Tarayya, a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi. Daga baya ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shigo tana tallafa wa sintirin, har aka sa wa wasu giwaye abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan Adam don a san inda garke yake.

To amma duk wannan da na lissafa, wa ke ganinsa? Mafi yawa yaran birni ne, waɗanda iyayensu ke iya biyan kuɗin mota da na shiga. Su kuma in sun koma gida babu abin da zai sake haɗa su da giwa sai hoto. Yaron da rayuwar giwar ke hannunsa yana can a ƙauyukan ƙasar Duguri da Pali da Gwana, a ƙaramar hukumar Alƙaleri, gonar ubansa na kallon dajin. Yankari ba shi da shinge. Da kaka, dawa ta sunkuya, masara ta bushe, garke kan fito da dare, kuma abin da iyali suka yi wata biyar suna nomawa yana iya ƙarewa kafin kiran assalatu, rabi an ci rabi an tattake. Wannan yaro ya san giwa sarai. Ya san ƙararta a cikin duhu, ya kwana yana buga garwa da gwangwani, ya ga fuskar ubansa da safe a bakin gona. In ka tsaya a gaban ajinsu ka ce giwa dukiyar ƙasa ce, ba zai yi maka musu ba don yana da ladabi, amma a ransa ya san dukiyar wa ta ci.

Shi ya sa nake ganin duk ilimin da za a kai waɗannan ƙauyuka, in bai fara daga gona ba, ɓata alli ne. Abin wuyan nan na giwa amfaninsa na farko a wurin manomi shi ne a buga waya a ce garke ya doso gabas, a fito da fitila da ganga tun bai shiga ba. An kuma ɗauki wasu mutanen ƙauyukan a matsayin masu sa ido kan giwaye, su kai rahoto in sun ga sawu, su taimaka a kora. Wannan ya fi kowace lacca, don mutumin da ake biya ya tsare giwa daga gona shi ne kuma zai fara sanin in baƙon maharbi ya sauka a gari. A Kenya wata mai bincike, Lucy King, ta nuna cewa giwa na tsoron ƙudan zuma, har aka riƙa kewaye gonaki da amya da aka haɗa da waya, giwa na taɓawa amya ta girgiza. Manomi ya tsira da hatsinsa, ga zuma ta sayarwa. Wasu wuraren barkono ake haɗawa da toroson giwar a ƙona, hayaƙin ya kore ta.

Haka zancen itace. Matar da ke girki a kan duwatsu uku, rabin wutar na fita ta gefe, ba don ƙin daji take aika yara yin itace ba. A ba ta murhu mai tsimin itace wanda tuwo zai nuna da ƙiraren da ba su kai na da ba, ba sai an yi mata wa'azi a kan marke da ƙirya ba. Makiyayin da ke hawa kawo da madobiya yana sassabe rassa da rani yana yi ne don babu wani kore da shanunsa za su ci. Madobiyar ma ba shi ya fi yi mata illa ba, masu sayen katako ne da suka yi ta lodinta zuwa Sin har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya a 2017.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada abin ya yiwu. Raƙuman dawa na yankin Kure, gabas da Yamai, su ne na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma, kuma ba a gandu suke ba, a cikin gonakin mutane suke yawo suna cin wake da mangwaro. A 1996 saura kimanin hamsin suka rage. Aka sa 'yan ƙauyukan su zama masu jagorantar baƙi, aka riƙa taimaka musu da rijiyoyi da ƙananan basussuka, har adadin ya haura ɗari shida, a 2018 ma aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Gaskiya ne raƙumin dawa ba ya tattake gona yadda giwa ke yi, ɓarnar ba ɗaya ba ce, amma mutanen ma ba waliyyai ba ne, sun ga abin da ke shigo musu ne suka haƙura da waken.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba in aka sami damar shigo da yaran ƙauyukan cikin gandun. Ba sa tambayar zaki sosai. Itatuwa suke kira da suna, wannan taura ce, wancan baushe, ga maje, ga taramniya, sun san wanda ake ci da wanda ake jiƙa wa mai ciwon ciki. Suna gane kukan burtu tun daga nesa, sun san carki a bayan ɓauna kaska yake nema. Abin da ba su taɓa yi ba shi ne ganin giwa da rana, daga wurin da babu abin da za ta ɓata musu, tana watsa wa ɗanta ruwa a bakin Gaji. Ɗan birni ya san sunayen dabbobi da Turanci, har da waɗanda babu su a Nijeriya, amma bai san kanya daga kaɗanya ba. Da ni ake shawara, da makarantar birni duk da ta yi hayar mota sai ta bar kujeru biyar ko goma, a tsaya a Mainamaji a ɗauki 'yan firamaren garin a shiga tare. Kuɗin bai kai na lemon kwalba da ake saya wa tafiyar ba.

Giwa wata 22 take ɗauke da ciki, kuma takan yi shekara huɗu ko biyar tsakanin haihuwa da haihuwa. 'Yar da aka haifa bana ba za ta yi haihuwar fari ba sai ta haura shekara goma. A lokacin ɗan aji huɗun da ke Duguri yau ya yi aure, an yanka masa gonarsa a bakin dajin, kuma shi ne wanda maharbi zai fara tambaya ta ina garken ya bi.